Keken wibin ya iso, amma zaren ƙasa sai tsinkewa yake

Maman Ilham, Zariya

Assalamu alaikum mutanen gida. Don Allah masu keken wibin ku agaza min, kaina ya ɗaure.

Ni dai ɗinkina na cikin ɗaki ne: kayan yara, nawa, sai ɗan na maƙwabta idan sallah ta matso. Da ma in na gama yanka sai in ba yaro ya kai bakin kasuwa a yi wibin, wato a kashe wa yadin baki don kada ya warware. Wani lokacin can zai wuni, ko layi ya yi yawa ko an ɗauke wuta, ga shi kuma in zaren da ke kan keken fari ne, da fari za a yi maka ko da baƙin yadi ka kai. To ƙanwar maigidana da ke aure a Ingila ta tausaya min, ta aiko min da ƙaramin na gida mai zare huɗu da allura biyu.

Ya zo da farin zare a jikinsa, an riga an zura. Na gwada a ƙyallen atamfa, masha Allah, baki ya fito tsaf, har na kira maƙwabciyata ta zo ta gani. Da na tashi yi wa Ilham doguwar riga mai ruwan bula sai na zare farin gaba ɗaya na sa baƙi. Daga nan labari ya canza. Ina taka shi zai yi kamar taku biyar, sai in ji ƙas, zaren ƙugiyar ƙasa ya tsinke. In sake zura shi da hantsakin da ya zo da keken, har idona ya yi ja, in taka, ya sake tsinkewa. Wannan igiyar da yake saƙawa a baya ma ta daina fitowa.

Na biyu, tun kafin in canza zaren na gwada shi a yadin hijabi mai roba, bakin ya fito a lanƙwashe, yana hawa yana sauka, guga ma ba ta kwantar da shi ba.

Na uku kuma tambaya ce. Tunda yana yankewa, yana haɗawa, yana kuma kashe baki a lokaci ɗaya, zan iya ajiye tsohon keken ɗinkina Butterfly in koma kansa kacokan? Maigida har ya fara cewa a kai wa makanike, ni kuma ba na son a buɗe min sabon abu.

Malam Sani Tela, Fagge

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki kai shi ko'ina tukuna, lafiyarsa ƙalau. Duk yaron da na ɗora a kan wibin a shagona sai ya yi wannan kukan.

Keken nan ba shi da ƙoshiya kamar na ɗinki. Ƙugiyoyi biyu ne, waɗanda makanikai ke kira lufa, ta sama da ta ƙasa, su ke saƙa zare a bakin yadi, allura kuma ta ɗaure saƙar. Saboda zarurrukan suna gittawa da juna, akwai wanda dole ya riga wani shiga. A yawancin na gida tsarin shi ne: ƙugiyar sama, sannan ta ƙasa, sannan allurar dama, sannan ta hagu. Ki buɗe murfin gaba, akwai zane a ciki, kowace hanya da launinta. Ki bi shi ɗigo bayan ɗigo, in kika tsallake rami ɗaya ba zai saƙa ba.

Ga inda nake zargin matsalarki take. Idan zaren ƙugiyar ƙasa ya tsinke kika mayar da shi alhali zaren allurai yana nan a zure, na alluran yana maƙalewa a ƙarƙashinsa. Kina takawa za su ja juna, na ƙasan ya sake tsinkewa, ko sau nawa kika mayar. Sai kin fara zare na allurai biyun daga ido, kin gyara na ƙasa, sannan ki mayar da su a ƙarshe. Wurin da za ki ƙura wa ido shi ne bakin ƙugiyar ƙasa: zarenta ya bi ta saman ƙugiyar sama ya wuce baya, kada ya shige ƙarƙashinta.

Ki ɗaga ƙafar da ke danne yadi kafin ki fara zurawa, sannan ki kama zaren da hannu biyu ki ja shi ya zauna sosai a tsakanin farantan tenshan, wato masu matse zare. Sandar da ke rataye zare a sama ita ma ki ja ta har ƙarshen tsawonta. In kin gama, ki tura duka huɗun baya ƙarƙashin ƙafar, ki sauke ta, ki juya da hannu sau uku ko huɗu ki ga igiya ta fara fitowa kafin ki taka.

Nan gaba kuma in za ki canza launi ba sai kin zare komai ba. Ki yanke tsohon zaren kusa da kwarkwaro, ki ƙulla sabon a jikinsa, ki sassauta tenshan zuwa sifili, ki ja ɗaya bayan ɗaya. Ƙullin zai wuce ta ramin ƙugiya lafiya lau. Na allura ne kawai za ki yanke ƙullin kafin ya kai ido, don zai iya lanƙwasa allurar. Kada dai ki manta ki mayar da tenshan inda yake.

Kin ma yi sa'a daga Ingila ya zo, wutarsu bolt 230 ce irin tamu, filoginsu ma ɗaya da namu. Wanda aka aiko wa daga Amurka ya duba takardar jikin keken kafin ya jona, nasu na bolt 120 ne, sai da taransifoma mai rage wuta.

Anti Bilki, Kaduna

Ƙanwata barka da arziki, Allah ya sa a kashe lafiya. Malam Sani ya gama da maganar zare, ni bari in ɗauki ta hijabi da ta Butterfly.

Lanƙwasar nan ba ta tenshan ba ce. Ki leƙa ƙarƙashin ƙafar za ki ga haƙoran keken kashi biyu ne, na gaba da na baya, kuma a gefe akwai maɓallin da ke raba musu gudu, yawanci daga 0.7 zuwa 2.0. A kan 1, wasu kekunan N suke rubutawa, gudunsu ɗaya, nan ne wurin atamfa da shadda. Yadi mai roba yana miƙewa a ƙarƙashin ƙafa, shi ya sa ya yi miki haka. Ki ɗaga zuwa 1.3 ko 1.5, haƙoran gaba su riƙa turo yadin fiye da yadda na baya ke janye shi, sai ya kwanta. In kuma siririn yadi ne irin shifon yana tattarewa, ƙasa za ki yi zuwa 0.7. Hannunki ma kada ya ja, ki riƙe shi sako-sako kawai.

Butterfly kuwa kada ki kuskura ki ajiye ta. Wa zai sa miki zif? Wa zai yi miki kalmasa, da ɗinkin sama, da wuyan riga? Wibin ba ya ɗinki a tsakiyar yadi, bakin kawai ya sani, baya ma ba ya komawa balle ya kashe ɗinki.

Abin da ma ya fi damuna da masu sabon keke shi ne wuƙar. Mu nan kin san yadda muke: a ɗinka riga da siket na leshi mai tsada, a bar inci guda ko fiye a ciki, don in an yi ƙiba ko an haihu a buɗe. Yara kuma bana ka ɗinka, baɗi ta matse. In kika haɗa gefen riga da wibin kai tsaye, wuƙa ta cinye wannan rarar, abin da zai rage bai fi faɗin saƙar ba, wajen milimita 7. Abin da ta yanke kuwa ya tafi. Shi ya sa ni atamfa, shadda da leshi, kowane ɓangare nake kashe wa baki shi kaɗai, wuƙar tana ɗan shafar gefen kawai, sannan in haɗa da keken ɗinki. Haɗawa da zare huɗu na bar wa kayan roba, irin wandon yara da rigar barci da hijabi, don ɗinkinsa yana miƙewa tare da yadin, ba ya ɓallewa. Kashe baki kawai kuwa zare uku ya isa, ki cire allura ɗaya ki ajiye, kin rage cin zare.

Sai fil. Kada ki bar ko ɗaya a hanyar wuƙa. In ta sare shi za ta dakushe, guntun kuma yana iya tsalle ya nufi ido. Leshi mai duwatsu ma sai kin ɓamɓare na kan layin kafin ki shiga.

Ummu Sudais

Ni abin da ya buɗe min ido shi ne sa zare huɗu kowanne da launinsa, ja, kore, rawaya, baƙi, a kan farin ƙyalle. Nan take za ki gane wanda ya yi sako da wanda ya matse. Na ƙugiyoyin biyu ya kamata su haɗu daidai a kan bakin yadi. In na sama ya leƙo baya, ko shi ya yi sako ko na ƙasa ya matse. Maɓallin tenshan ɗaya za ki taɓa, ki gwada, sannan ki taɓa wani.

Maman Ilham, Zariya

Alhamdu lillahi! Malam Sani Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Na cire na allurai, na bi zanen daga farko, igiya ta fito, na zagaye duk ɓangarorin rigar ko sau ɗaya bai tsinke ba. Anti Bilki na gode, hijabin a 1.5 ya kwanta, kuma gefen rigar da Butterfly na haɗa na bar mata rara.

Saura abu biyu. In na kai ƙarshe, jelar nan da ke reto yaya zan yi da ita, tunda in na yanke ta a gindi sai ta fara warwarewa? Sannan allura, maƙwabciyata ta ba ni ta keken wibin na shagon mijinta, na ga ba ta yi kama da tawa ba.

Malam Sani Tela, Fagge

Amin Hajiya, madalla. Allurar nan ki mayar mata. Manyan kekunanmu na shago DCx27 suke ci, gindinta a mulmule yake. Na gida da yawa, irin su Brother 1034D, allurar keken gida suke ɗauka, mai gindi shafaffe ta gefe ɗaya, wadda aka rubuta 130/705H a kwalinta, wasu kuma ELx705 suke so. Ki duba littafin naki ki sayi abin da ya ce, lamba 80 ko 90. In kin sa su za ki ga ta hagu ta ɗan fi ta dama hawa sama. Haka aka yi su, kada ki ce za ki daidaita, ki dai tura kowacce har ta tokare kafin ki ɗaure.

Jela kuwa, in wani ɗinki zai bi ta kanta, ki yanke kawai. In a fili take, kamar bakin hannu, ki bar kamar inci uku, ki zura ta a allurar hannu mai babban ido, ki cusa ta cikin saƙar ta baya, sannan ki datse abin da ya leƙo.

Tunda yanzu aiki zai kankama, duk ranar da kika yi ɗinki ki buɗe murfin ki share burbushin yadi da buroshi, yana taruwa a gindin wuƙa. Ki cire filogi kafin ki sa hannu. Mai kuma ɗigo ɗaya a wuraren da littafin ya nuna, na keke fari, sannan ki fara gwadawa a ƙyalle kafin ki ɗora kayan mutane.