Fankar Raspberry Pi ta daina juyawa: in gyara sikirif ko in haɗa ta kai tsaye?

Ɗan Nima: Salamu alaikum. Ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 ce ke riƙe da allon lokutan sallah a masallacin unguwarmu, ƙarƙashin kwano. Sikirif ɗin bash (jerin umarnin da aka rubuta wa Pi ɗin) yana karanta zafin Pi daga `/sys/class/thermal/thermal_zone0/temp`, in ya wuce 60000, wato digiri 60, ya kunna fanka ta GPIO 14, ɗaya daga ƙafafun Pi da ake sarrafawa da umarni. Tun da na sabunta Bookworm, wato manhajar da ke tafiyar da Pi ɗin, `echo 14 > /sys/class/gpio/export` sai ya ce "Invalid argument", zafi kuma na taɓa 80 da azahar. In gyara sikirif ɗin, ko in ɗaura fankar a 5V ta yi ta juyawa dare da rana?

Mai Solda: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka sa taransista kuwa? Ƙafar GPIO 3.3V ce, ba ta ɗaukar fiye da 16mA, fanka kuwa tana jan sama da 100mA. Sa S8050, rezista 1k, da dayod 1N4007 a gicciye kan fankar.

Ɗan Nima: Duk suna nan, Yaya. Da can lafiya lau take aiki.

'Yar Mamobi: Ba matsalar haɗin wayoyi ba ce. Daga kanel 6.6 (kanel shi ne zuciyar manhajar Pi) lambobin GPIO sun gusa da 512, wato 14 ta koma 526. Amma kada ka tsaya lissafin nan, rubuta `pinctrl set 14 op dh` don kunnawa, `dl` a madadin `dh` don kashewa. Kuma ka bar tazara: kunna a 60000, kashe a 50000. In iyakar guda ce, fankar za ta yi ta tashi tana tsayawa har ta gaji. Mafi sauƙi ma, jefar da sikirif ɗin, ka ƙara `dtoverlay=gpio-fan,gpiopin=14,temp=60000` a `/boot/firmware/config.txt`.

Baban Asma'u: Ku yi ta rubuce-rubuce, fankar ce ba ta da kirki. Wadda wani mai shago ya sayar min sidi 60, an manna mata takardar 5V, da na ɓare sai ga 12V a ƙasa. A 5V sai ta yi kyarma kawai, sai ka tura ta da yatsa. Na mayar, ya ce ai na ɓare takarda. Wallahi cin amana ne. Ga hunturu na tafe, ƙura ta shiga gindin fanka ta daskare.

Mai Solda: Sittin? Kwanakin baya a Zongo Lane ta Accra ba ta wuce 25 ba.

Baban Asma'u: Ta 25 ɗin ai ita ce mai kuka kamar sauro.

Ɗan Sabon Zongo: Ku sa ladan ya riƙa yi mata fifita da mahuci bayan kiran sallah 😂

Mai Solda: Ni dai shawarar wanda bai taɓa riƙe ƙarfen solda ba ba ta gamsar da ni. Haɗa ta kai tsaye a ƙafa ta 4 (5V) da ta 6 (GND), magana ta ƙare.

'Yar Mamobi: Yaya, da girmanka, kuskuren da ya kawo a rubuce yake, mita ba ta karanta shi. Kuma mai juyawa kullum ita ce ke saurin zuƙar ƙurar da Baba ke faɗa. Ɗan Nima, GPIO 14 ƙafar siriyal ce, kashe shiga ta siriyal a `raspi-config` don kada su yi karo.

Baban Asma'u: Caja fa? Buga `vcgencmd get_throttled`. In ka ga 0x50005, wuta ce ba ta isa. Pi 4 na son 5.1V da 3A, cajojin kasuwar Circle ta Accra da yawa a jiki kawai aka rubuta hakan.

Ɗan Sabon Zongo: Caja mai kyau ma me za ta yi wa dumso, ɗauke-ɗauken wutar nan? A ɗauke wuta Pi na tsakiyar rubutu, memori ya lalace, da asuba allo baƙi ƙirin. Akwai wanda ya gwada ƙaramin UPS (na'urar riƙe wuta in an ɗauke) mai batir 18650? Nawa ake samunsa yanzu?