Zauren masu jan wasa: yaya ake gina gidan sarautar durau da zai ba 'yan wasa tsoro?

Sabon Jagora: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Wasan Dungeons & Dragons ne, wasan labari na tebur da jagora ke ja kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi ɗaya, dokokin bugun 2014, 'yan wasa huɗu, duka a mataki na 5. Labarin zai gangara ƙarƙashin ƙasa zuwa birnin Menzoberranzan, kuma babban abokin gaba zai zama gidan sarauta ɗaya na durau, wato jinsin elf ɗin nan (halittun tatsuniya masu kama da mutane) mazauna duhu. Na yi tunanin in ɗauki gidan Baenre kai tsaye tunda shi ne na ɗaya. Me kuka gani?

Dattijon Zaure: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye Baenre tukuna. Gidan da ya riƙe kujerar farko shekaru dubbai, wanda babban masihircin birnin, Gromph, ɗan gidan ne, ba abin da 'yan mataki na 5 za su yi masa. Uwargijiyar gida a lissafin wasa matakin haɗarinta, wato ma'aunin ƙarfin abokin gaba, 20 ne. Idan ka haɗa su da ita, ko dai ka kashe su a zagaye ɗaya, ko ka riƙa sassauta mata har kwarjininta ya zube. Bar Baenre a matsayin hadarin da ake hangowa daga nesa. Ƙirƙiri naka gidan, ka ajiye shi tsakanin na 9 da na 15. Majalisar birnin kujeru takwas ce, ta uwargijiyoyin gidaje takwas na sama. Gida na 9 yana bakin ƙofa, yana jin ƙamshi, bai samu shiga ba. Wannan yunwar ita za ta tuƙa maka labarin gaba ɗaya.

Mai Taswira: Na goyi bayan Malam. Kuma kafin ka zana ko ɗaki ɗaya, rubuta dokar shaida a saman takardarka, don a kanta komai yake tsaye. A birnin nan, gida ya afka wa wani gida ba laifi ba ne in har ya gama aikin tsaf. Laifin shi ne a bar ko mutum ɗaya mai jinin sarauta da rai wanda zai tsaya gaban majalisa ya nuna yatsa. In an shafe su duka, kowa zai kau da kai, gidajen da ke ƙasa kowanne ya hau mataki ɗaya. In ɗaya ya tsira, birni kaf zai taru a kan gidan da ya kai harin a rushe shi. Soja ko bawa ba ya zama shaida, sai ɗan gida.

Misalai biyu daga tarihin birnin sun isa. Gidan Do'Urden, yana na 10, ya shafe gidan DeVir na 4 a dare ɗaya, ya wayi gari na 9. Gidan Teken'duis kuwa ya kai wa gidan Freth hari, yara uku suka ɓuya suka tsira, Teken'duis aka hallaka. Ka ga ke nan yaro ɗan shekara goma da ke ɓoye a bayan bango ya fi runduna daraja. Ba 'yan wasanka wannan yaron. Nan take gida guda zai bi su da wuƙa, gida biyu su bi su da kyauta, kuma babu wanda za su iya amince wa.

Sabon Jagora: Madalla. To mutanen cikin gidan fa? Nawa zan rubuta?

Yaya Mai Alƙalami: Kada su wuce bakwai masu suna, in ba haka ba 'yan wasa za su rikita su. Uwargijiya. 'Ya'yanta mata biyu ko uku, duka matsafan Lolth, abar bautarsu mai siffar gizo-gizo. Babbar ita ce magajiya, kuma ita ce ta fi kowa ƙosawa da tsawon ran uwar. Sai masihircin gida, sai sarkin makamai mai horar da sojoji, sai mijin uwargijiya, wanda kujerarsa ta aro ce, ranar da aka gaji da shi an gama. 'Ya'ya maza suna ƙasa da kowace mace a gidan, ana kiransu da babban ɗa da ɗa na biyu. Na uku kuwa, al'adarsu a miƙa shi hadaya ranar da aka haife shi, sai fa in ɗaya daga cikin yayyensa ya mutu kafin a yi.

Ga kowane ɗaya rubuta layi uku kacal: abin da yake so, wanda yake tsoro, da sirrin da in ya fito zai kashe shi. Sharaɗin shi ne wanda yake tsoro ya zama ɗan cikin gidan. In ka duba takardar ka ga duk tsoronsu na waje ne, ba ka gina gidan durau ba, barikin soja ka gina.

Ka kuma lura da shekaru. Makarantar birnin, Tier Breche, sassa uku ce: mayaƙi shekara 10 a Melee-Magthere, masihirci 30 a Sorcere, matsafiya 50 a Arach-Tinilith. Ma'ana, ƙaramar 'yar gida tana iya yin rabin ƙarni ba ta gida, ta dawo da ƙawaye da maƙiya waɗanda uwarta ba ta san da su ba. Kyakkyawar ƙofa ce ta shigo da sabon rikici a tsakiyar labari.

Hajiya Lissafi: Ku bar ni in shigo da lambobi, don a nan ne galibi ake kashe 'yan wasa ba da niyya ba. Mutum huɗu a mataki na 5: a makin da ake auna nauyin faɗa da shi, faɗa matsakaici maki 2,000, mai wuya 3,000, mai kisa 4,400. Durau na gama-gari maki 50 ne, ransa 13. Gwanin mayaƙi 1,800, ransa 71, sulkensa 18. Masihirci 2,900. Matsafiyar Lolth 3,900 ita kaɗai, kuma sau ɗaya a rana tana da damar kashi 30 cikin 100 ta kira yochlol, aljanar da matakin haɗarinta 10 ne. In kiran ya ci, faɗan ya tashi daga mai wuya ya koma makabarta. Don haka matsafiya ba ta faɗan farko ba ce, ajiye ta sai sun kai mataki na 7 ko 8.

Abin da lissafin ba ya nunawa shi ne dafin. Kowane ƙaramin soja yana da ɗan bakan hannu mai kunama, kibiyarsa da dafi. Wanda ta sama zai yi jifan tsira na ƙarfin jiki, wato ya jefa ƙwayar lambobin wasan, sai ya kai 13. In ya gaza, dafi ya kama shi awa guda. In ya gaza da tazarar 5 ko fiye, wato 8 zuwa ƙasa, ya sume. Soja shida suna harbi zagaye biyu, kibiya sha biyu ke nan, kuma masihircin 'yan wasa mai raunin jiki zai iya faɗuwa tun kafin ya buɗe baki. A takarda faɗan wasa ne, a tebur kuwa rabin ƙungiya na kwance. Maganinsa biyu: kada masu harbi su wuce huɗu a karon farko, kuma ka tuna wa 'yan wasa cewa wanda ya sume yana farkawa in an ji masa rauni ko wani ya ɓata aikinsa na zagaye ya girgiza shi.

Mai Taswira: Hajiya, ƙara musu maganar sihirin da aka haife su da shi, ana yawan kuskure a nan.

Hajiya Lissafi: Haka ne. Kowannensu yana da duhun sihiri sau ɗaya a rana, da wutar da ke zana jikin mutum da haske don a ji daɗin saransa, ita ma sau ɗaya. Duka biyun suna buƙatar tattara hankali, saboda haka mutum ɗaya ba ya riƙe su tare. Ɗaya ya kunna wutar, wani daban ya jefa duhun. Sannan duhun nan, mai faɗin ƙafa 15 daga tsakiya, su ma ba sa gani a cikinsa, duk da idonsu yana kai ƙafa 120 a duhun gaske. Durau mai hankali ba ya jefa shi a kan wanda yake son harbi, yana jefa shi a kan mai warkarwa ko a bakin hanyar gudu. Kuma ka sani, a bugun 2014 sihirin hasken rana na mataki na 3 yana kore duhun nan, amma ba a lissafa shi a matsayin rana ta gaskiya, don haka ba ya jawo musu raunin da rana ke jawowa. 'Yan wasa za su yi maka gardama a kai, gara ka yanke hukunci tun kafin a zauna.

Dattijon Zaure: Duk wannan daidai ne, amma kada lambobi su janye ka daga abin da ke riƙe da gidan, wato yardar Lolth. Ba dukiya ko yawan soja ke kare gida ba. Ranar da aka ji ƙishin-ƙishin cewa ta juya wa gida baya, matsafansa sun rasa ƙarfi, maƙwabta sun fara wasa wuƙa. Abin da ya ci DeVir ke nan. Yi wa yardar ma'auni a ɓoye, daga 0 zuwa 5, ka fara gidan a 3. Hadayar da ta kuɓuce, ragi ɗaya. An tozarta matsafiya a bainar jama'a, ragi ɗaya. Gidan ya yi nasarar makirci a kan wani, ƙari ɗaya. In ya sauka 1, kiran yochlol ya daina ci, 'ya'ya mata su fara kallon uwarsu. In ya kai 0, wani gida zai zo ya yi wa 'yan wasanka aikin. Da haka mutum huɗu 'yan mataki na 5 za su iya rusa gidan da ba za su taɓa iya cinsa da takobi ba.

Gizo-gizon Kogo: Ina da ƙari kan ginin kansa. Gidajen a cikin tsinin duwatsu ake sassaƙa su, waɗanda suka tsiro daga ƙasan kogo da waɗanda suka rataye daga rufinsa. Sashen 'yan sarauta sau da yawa ba shi da matakala, don su da sihiri suke tashi sama. Sa barandar shiga ƙafa 20 daga ƙasa, ka ga yadda 'yan wasa za su tsaya suna tunanin igiya. Ɗakin tsafi ya zama mafi girma, a tsakiya. Bayi da sojoji a ƙasa, kusa da ƙofa. Lokaci kuma da Narbondel ake auna shi, ginshiƙin dutsen da babban masihirci ke zuba wa zafi kullum, zafin ya hau ya sauka. Hari ana kai shi ne lokacin da ginshiƙin ya huce. Sojojin sintiri kada su yi magana da baki, da hannu suke yi, saboda haka ɗan wasan da ya kasa kunne a ƙofa shiru zai ji ko da mutum goma ne a ciki.

Sai ganima. Mayafinsu na ɓuya, piwafwi, rana tana lalata shi, awa ɗaya a cikinta sihirinsa ya tafi. Wannan yana ba ka damar yi musu kyauta mai tsoka a ƙasa ba tare da ta ɓata maka ma'auni ba in sun fito sarari.

Yaya Mai Alƙalami: Abu ɗaya da ya kamata a faɗa a zauren nan. Tun fitowar durau sosai a wasannin 1978, an daɗe ana zana su a matsayin jinsi mai baƙar fata wanda mugunta ke cikin jininsa, kuma an soki hakan da gaskiya. A 2020 kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan, da kansa ya ce zai sauya salon. Ƙanena, ka ɗora muguntar a kan tsarin birnin da bautar Lolth. Sa aƙalla mutum ɗaya a gidan wanda ya gaji da abin, ko mai bin Eilistraee, abar bautar durau masu son alheri, a ɓoye. Ko ta fuskar wasa ma ya fi riba, don in kowa mugu ne babu wanda za a yi ciniki da shi, labarin ya koma sara da suka kawai.

Sabon Jagora: Na gode ƙwarai. Tambaya ta ƙarshe: ta yaya baƙi daga sama za su ma shiga birnin ba a kama su a ƙofa ba?

Dattijon Zaure: Hanya uku. Su shigo a ɗaure a matsayin bayi, amma kada ka raba su da kayansu fiye da zama ɗaya, gundura za ta kashe teburin. Ko su shigo da ayarin fatake, don birnin yana ciniki da wasu jinsunan ƙarƙashin ƙasa, kuma ana ƙyale baƙo a kasuwa muddin akwai mai tsaya masa. Ko su shigo ta hannun Bregan D'aerthe, ƙungiyar sojojin hayar Jarlaxle, wadda yawancinta maza ne marasa gida. Ta uku ta fi sauƙi a wurinka, sai dai ka sa farashin ya zama alfarma da za a nema daga baya, kada ya zama zinariya. Ka rubuta alfarmar tun yanzu, ka ajiye ta, ka fito da ita a daren da yaron nan mai shaida yake hannunsu.