Wai Kogin Rahad daga ina yake tasowa, kuma da wane ruwa ake noma a Fao?

Ɗan Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni a Jidda aka haife ni amma iyayenmu mutanen Hawata ne a ƙasar Sudan, Baba kullum zancensa Rahad, kifin Rahad, ambaliyar Rahad. To abin da ya ɗaure min kai, an ce da rani ƙafewa yake har a ƙetare da ƙafa, to da wane ruwa ake noman auduga da gyaɗa a Fao, inda manyan gonakin Rahad suke? Don Allah masana a taimaka.

Bamadane:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Rahad daga duwatsun Habasha yake gangarowa, yamma da tafkin Tana, can Shinfa suke ce masa, ya ratso ƙasar Gadarif ya bi ta Hawata da Mafaza sannan ya zuba cikin Bahar Azrak, wato Shuɗin Nilu, wajen Abu Haraz, arewa kaɗan da Madani. Ruwan damina ne kawai, daga wajen Yuli zuwa Nuwamba, shi ya sa da aka buɗe mashru'in Rahad, wato babban shirin noman ban-ruwa, a 1977, feddan kusan 300,000 (feddan ɗaya kamar eka ɗaya ne), ba a dogara da shi kaɗai ba, sai aka kafa famfuna a Mena kusa da Sinja suna ɗebo ruwan Bahar Azrak, aka haƙa doguwar tur'a, wato hanyar ruwa, ta bi ta ƙarƙashin kogin Dindir ta zubo cikin Rahad, madatsar Abu Rakham kuma ta tare ruwan ta tura shi gonaki.

Inna 'yar Mafaza:
Ɗana Babanka gaskiya ya faɗa maka. Kuma ba ƙafewa yake ƙaf ba, yana barin gurabe masu zurfi, nan masuntanmu Hausawa ke samun tarwaɗa da karfasa, dabbobin makiyaya ma nan suke sha. In ruwa ya ja sai a bi jarf, bakin gaɓar nan mai laka, a shuka kuɓewa da tumatir da kankana ba taki ba komai wallahi. Amma a faɗa maka har da wahalar, da kharif, wato damina, ƙasar baƙar laka ce mota ba ta shiga, ga ciwon kala'azar da ya addabi ƙauyukan bakin kogin, yara ya fi kamawa, mara lafiya sai ya kwana biyu a hanya kafin ya ga likita.

Ɗan Maiwurno:
Haka ne Inna. Dindir ma na damina ne amma ya fi Rahad ruwa nesa ba kusa ba.

Ɗan Jidda:
Allah ya saka da alheri. Inna a wane wata ake fara shukar jarf ɗin?