Regileta mai tiredi aka aiko min, ta yaya zan ɗaura ta a tukunyar haya?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Unguwar Rimi nake. Na yi kwas ɗin farko na nutso da tukunyar iska a Zanzibar, kuma da kayan haya na yi. Yanzu yayana da ke Jamus ya aiko min regileta ta hannu, wato na'urar da ake ɗaurawa a tukunya a shaƙi iska ta cikinta, amma bakinta ya bambanta da wanda na saba. Waccan ɗora ta ake yi a kan bawul, a matse ta da noti ta baya. Wannan kuwa tiredi gare ta, ciki ake murɗa ta. Bayan sallah zan je nutso Hurghada, a gaɓar Bahar Maliya a Masar, wani abokina kuma ya ce in kai ta Panteka a ƙera min mahaɗi. In kai, ko in sayar in nemi wata?

Ɗan Kawo: Wa alaikumussalam. Kada ka sayar, ƙanena, yayanka ya san abin da ya zaɓa. Wadda ka koya da ita yok ce, ita aka fi gani a Amurka da wuraren haya da yawa. Taka DIN ce, ma'aunin Jamusawa. A yok, zoben robar da ke tare iska yana fuskar bawul, a fili, shi ya sa wani lokaci yake fita ka ji "fsss" kafin a shiga ruwa. A DIN yana jikin regileta, yana shigewa can ciki ya kulle. Yok ba ta wuce bar 232 (bar ma'aunin matsin iska ne), DIN tana kaiwa 300. Yanzu ɗauko ta ka ƙirga tiredin. In 7 ne, ta bar 300 ce, tana shiga kowane bawul na DIN. In 5 ne, ba za ta kai ƙarshen bawul na 300 ba, kuma da gangan aka yi haka.

Injiniyan Kakuri: Wallahi ina girmama 'yan Panteka, sun sha fitar da ni kunya. Amma ban da wannan. Tayar motarka bar 2 da ɗan kai take ɗauka, tukunyar nan bar 200 ce, kuma a bayan ƙeyarka take. Akwai adafta ta kamfani da ke mai da DIN yok, ba ta fi cikin tafin hannu ba. Ka ce yaya ya ƙara aiko da ita.

Maman Barnawa: A Jidda na koya lokacin da maigidan yake aiki can. Ɗana, wataƙila ma ba za ka buƙaci adaftar ba. Bawul da yawa a Bahar Maliya biyu-biyu ne: leƙa tsakiyarsa, in ka ga rami mai kusurwa shida, toshe ne. A sa alanki a kwance shi, ya koma DIN nan take. Ka tura wa masu hayar tukunyar hoton regiletar ta WhatsApp kafin ka biya kuɗi. Ni ba na son adafta in ba dole, tana turo regileta gaba, kana ɗaga kai ka ji ƙarfe a ƙeya.

Injiniyan Kakuri: Abin da ya fi damuna "ta hannu" ɗin nan. Yaushe rabon da a yi mata sabis? Ka ba ƙwararren shagon nutso ya buɗe ta ya canza robobi kafin ranar farko. Kuma kada wani ya ba ka shawarar canza bawul ɗin tukunya da kanka: wuyan na Turai M25 ne, na Amurka inci 3/4, suna ɗan kama juna su yaudare ka, iska ta cillo bawul ɗin. An rasa rayuka a haka. Tukunyar iskar asibiti ko ta masu walda kuwa, ko gwaji kada ka yi da ita.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na ƙirga, 7 ne. Hajiya, alankin lamba nawa?

Maman Barnawa: Galibi 8, amma ba kullum ba. Masu jirgin suna da nasu, ka dai jefa ƙaramin saiti a jaka.