Koyarwa a kan dubu 35 ko tuƙin A daidaita sahu?

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don kaina ya ɗaure.

Wata biyar ke nan da na gama bautar ƙasa. Ilimin tattalin arziki na karanta, ga shi tattalin aljihuna ya gagare ni. Ina hidima ana ba mu alawus na naira dubu 77 a wata. Yanzu wata makarantar kuɗi a unguwarmu ta ce in zo in koyar da lissafi, daga bakwai da rabi na safe zuwa ƙarfe biyu, albashi dubu 35. Ko rabin alawus ɗina bai kai ba. Da na ce wa mai makarantar ai tun watan Yulin 2024 aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na dubu 70, ko musu bai yi mini ba. Durowa ya jawo, ya fito da takardun neman aiki tuli guda an ɗaure da kyauro, ya ce in ban so akwai masu so.

A gefe guda kuma kawuna ya ce zai ba ni A daidaita sahunsa, in riƙa kawo balas dubu 7 kullum. Mahaifiyata ta ce sam. Wai ba ta sayar da tumakinta ta biya mini kuɗin jami'a don in ƙare a titi ina kiran "Bata, 'Yan Kura" ba.

Shin dokar dubu 70 ɗin ba ta hau kan makarantun kuɗi ba ne? Kuma da ku ne, wanne za ku kama?

Maman Husna:

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na daɗe ina aiki a sashen kula da ma'aikata, bari in amsa ta farkon. Dokar ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ta cire masu aikin wucin gadi na 'yan awoyi, da masu karɓar kamisho, da masu aikin gona na damina. Ka ƙirga malaman makarantar da masu shara da maigadi. In ba su kai 25 ba, mutumin bai karya doka ba. In ma sun kai, wa zai kai ƙara? Wanda ya buɗe baki gobe an maye gurbinsa da ɗaya daga cikin takardun nan da ka gani.

Kai da ka karanta fannin ka san Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba a ofis ko kamfani mai tsari suke ba. Dubu 70 ɗin da aka yi ta kai ruwa rana a kanta maganar 'yan tsiraru ce. Ita dai hukumar ta ce rashin aikin yi kashi 33.3 ne a ƙarshen 2020, da ta sauya hanyar lissafi a 2023 ya koma 4.1, don yanzu duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ma'aikaci ne. To ko wanne ka ɗauka, ka fita daga sahun marasa aiki, barka!

Baba na Kakuri:

Ɗana, takardun nan da aka nuna maka su suka sa na kasa yin shiru. Da ba haka abin yake ba.

Na shiga masaƙa a Kaduna da takardar firamare kawai. In jiniyar sauya aiki ta yi kuka, titin Kakuri ba masaka tsinke, kekuna ne bila adadin, masu fita na goge ƙurar auduga daga gashin kai, masu shiga na rataye da kwanon abinci. A bakin ƙofa kuma ga masu tuwo, ga masu shayi, ga mai facin keke, ga tela. Duk albashinmu suke ci. Manomin auduga a Funtuwa da Gusau ma mu ne kasuwarsa. A lokacin in malamin makaranta ya ga ana raina masa hankali yana da inda zai nufa, shi ya sa mai ɗaukar aiki yake jin nauyinsa.

Sardauna ne ya kafa masaƙar KTL ta Kaduna a 1957, sauran masaƙu suka biyo baya. A 2002 KTL ta rufe, masaƙar UNTL da ta fi kowacce girma ta tsaya a 2007. Wuta babu, baƙin man da ake kunna tukunyar tururi da shi ya yi tsada, injina sun tsufa, ga atamfar waje ana shigo da ita ta ɓarauniyar hanya a farashin da ko kuɗin zarenmu bai kai ba. Ku na Kano ai kun ga yadda unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Bompai suka koma, kuma kun san daga ina yawancin kayan Kantin Kwari suke zuwa yanzu.

Wadda na yi wa aiki, ba sai na kama suna ba, har yau ban ga cikon kuɗin sallamata ba. Ina da shekara hamsin da ɗoriya na hau acaɓa, da shi na aurar da 'ya'ya mata uku. Ka gaya wa mahaifiyarka ni na ce ta yi haƙuri, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Direba Mai Digiri:

Baba, a gafarce ni, amma gatarin nan ba nasa ba ne, na kawunsa ne. Shekarata huɗu ina tuƙi. Kafin a cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 muna sayen lita ƙasa da naira 200, a ƙarshen 2024 ta haura dubu. Mutane da yawa sun koma takawa a ƙasa, mu kuma kullum ƙaruwa muke, duk wanda ya rasa abin yi nan yake faɗowa. Ka cire mai, ka cire balas, haraji, kuɗin ƙungiya, juyen baƙin mai. Ranar sa'a za ka fi malamin nan nesa ba kusa ba. Ranar da taya ta fashe ko zazzaɓi ya kayar da kai, balas na nan yana jiranka. Ga ciwon baya. Ka tambayi kawunka tun yanzu, in inji ya buga, gyaran a kan wa yake.

Ɗan Kurna:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Anti, na ƙirga, su 19 ne har da maigadi, ashe da gaskiyarsa. Baba, na karanta wa Umma saƙonka, ta yi shiru, can ta ce ita ma ƙanin babanta a masaƙa ya yi aiki.

Mun daidaita da kawu: wani yaro zai ja da safe, ni in karɓa daga ƙarfe uku zuwa tara na dare, mu raba balas, gyaran inji kuma nasa ne. Litinin zan fara koyarwar. Sharaɗin Umma ɗaya ne, kada in ɗauki fasinja a layinmu.