Abin da malamai suka ce kan tambayoyin fahimtar karatu na Turanci a WAEC

Na tattaro abin da aka faɗa, ban ƙara nawa ba sai a wuri ɗaya.

1. Kusan kowa ya yarda a sa yara su fara duba tambayoyi kafin su karanta labarin, su san abin da suke nema.

2. Tambayar maye gurbin kalma ce ta fi cinye maki. Yaro zai kawo kalma mai ma'ana ɗaya, amma an ba shi aikatau na shuɗaɗɗen lokaci, shi ya rubuta na yanzu. Maganin: ya mayar da kalmarsa cikin jimlar, ya karanta, ya ji ko ta zauna. Wani malami ya ce kowace Juma'a yana ba da kalmomi 6 a allo, a kan wannan kaɗai.

3. Tambayar da ake ciro wani yanki na jimla a nemi sunansa na nahawu da aikinsa: amsa biyu ce, kada yaro ya ba da rabi.

4. A tambayar taƙaita labari, a rubuta cikakkiyar jimla, kuma ban da kwafe labarin yadda yake.

Inda aka rabu: tsofaffin takardun jarrabawa. Wasu sun ce a fara tun SS1, wasu sun ce haddar amsa kawai suke koyarwa, gara jarida. Ni dai na fi karkata ga na biyun.

Na JAMB kuwa zaɓen amsa ne a kwamfuta, sai a saba musu da agogo.