Daga fili zuwa kujerar koci: shawarwarin masu bin ƙwallon kwando

Da aka tattauna kan tsohon ɗan wasan da ke son horar da ƙungiyar jami'a a Amurka, shawarar da ta fi yawa ita ce kada ya dogara da sunansa. An kawo Patrick Ewing: gwarzo ne a ƙungiyar ƙwararru ta New York Knicks, ya karɓi horar da ƙungiyar jami'ar Georgetown a 2017, ya ci gasar Big East, rukunin jami'o'in da Georgetown ke ciki, a 2021, amma shan kaye ya yi yawa, aka sallame shi a 2023.

An fi daɗewa kan Dawn Staley. Ta fara horarwa a jami'ar Temple a 2000 tana kan buga wasa a WNBA, gasar ƙwararrun mata ta Amurka, ta koma jami'ar South Carolina a 2008, kofin ƙasa na jami'o'i bai zo ba sai 2017, sannan 2022 da 2024. Daga nan aka ce a fara da ƙaramar ƙungiya, a yi haƙuri. Ni ma nan na tsaya.

Wasu sun ƙara da cewa rabin aikin neman yara ne daga sakandare da shawo kan iyayensu, sannan a sa ido kan karatunsu, domin dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, tana hana wanda makinsa ya faɗi buga wasa.